Yadda Ƙungiyar Zango Za Ta Faɗaɗa Rumbun Bayanan Jami'an Gwamnati da Kwamitocin Majalisa

Kusan kowace ƙungiyar matasa ko ta mata a Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina, unguwannin Zango na Accra da kewayenta a Ghana, tana da wani abu da take kira jerin manya. Wani lokaci littafi ne a hannun sakatare, wani lokaci kuma lambobi ne zube a wayar shugaba. Idan aka duba, ba ya wuce mutum goma: ɗan majalisar mazaɓa, asambuliman (wakilin unguwa a asambuli, wato majalisar ƙaramar hukuma), wani minista da ya taɓa zuwa maulidi, da wani babban ɗan jam'iyya. Da wannan ake ta kai kuka shekara da shekaru a kan kwata, shara, makaranta da asibiti, kuma sau da yawa wanda ake kai wa kukan ba shi ne mai sa hannu a kan kuɗin aikin ba. Wannan jagora na masu son mayar da wancan ɗan jerin ya zama rumbun bayanai na gaske ne, wanda zai gaya muku ofishin da za ku tunkara, lokacin da ya dace, da abin da aka yi muku alkawari a baya.

Ku fara da matsalar da ta dame ku

Kada ku zauna ku ce za ku kwafe sunayen 'yan majalisa 276 gaba ɗaya. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma bayan wata shida ba wanda zai sake buɗe shi. Ku ɗauki matsala biyu ko uku da ƙungiyarku take bi da gaske, ku rubuta kowace a kan takarda, sannan ku tambayi kanku abu uku a kanta: wa yake tsara aikin, wa yake sakin kuɗi, wa yake sa ido.

Mu ɗauki babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi. Ruwanta yana gangarawa zuwa kogin Odaw, kuma duk wanda ya tuna daren 3 ga Yuni 2015, lokacin da ambaliya da gobara suka haɗu a Circle, cikin birnin Accra, aka rasa rayuka sama da 150, ya san maganar ba ƙarama ba ce. Kwashe shara da tsaftar unguwa suna hannun asambuli. To amma tun 2018 Nima ta koma ƙarƙashin asambulin Ayawaso ta Gabas, Mamobi kuma Ayawaso ta Arewa, ba AMA, wato asambulin birnin Accra, ba kamar da. Kwata ɗaya, asambuli biyu ke nan. Manyan magudanun ruwa kuwa aikin ma'aikatar ayyuka da gidaje ne, wadda kuma take jagorantar shirin GARID na magance ambaliya a Accra da Bankin Duniya ya ba dala miliyan 200 a 2019, kuma Nima tana cikin unguwannin da shirin ya shafa. Kuɗin gwamnati daga ma'aikatar kuɗi yake fitowa. A majalisa akwai kwamitin ayyuka da gidaje mai duba kasafin wannan ma'aikata, da kwamitin ƙananan hukumomi mai duba na asambuloli. Kun ga daga kwata guda an samu ofis aƙalla shida. Haka rumbun zai riƙa girma, kowace matsala tana jawo ofisoshinta.

Kujera daban, mai zama a kanta daban

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan nake so ku fi ba da hankali. Yawancin jerin da ƙungiyoyi suke yi, sunan mutum ne a farko, muƙaminsa a gefe. Ranar da aka sauya shi sai a goge layin, duk tarihin abin da aka tattauna da ofishin ya tafi tare da shi.

Ku buɗe Google Sheets ko Excel, ku yi shafi huɗu. Shafi na farko na ofisoshi ne: ma'aikata, asambuli, kwamiti, hukuma. Kowane ofis ya samu lambarsa ta dindindin, da bayanin aikinsa cikin jimla ɗaya, da adireshinsa har da na GhanaPost GPS, wato adireshin dijital na wurin, da lambar wayar ofis. Shafi na biyu na mutane ne, kowa da lambarsa. Shafi na uku shi ne mai haɗa su: wane ya riƙe kujera kaza daga rana kaza zuwa rana kaza. Idan aka sauya minista, ba a goge komai, sai dai a rubuta ranar saukarsa a buɗe sabon layi wa magajinsa. Shafi na huɗu na hulɗa ne: wasiƙar da kuka kai, ranar da kuka kai ta, wanda ya karɓa, amsar da aka bayar, da ranar da ya kamata a koma.

Dalilin wannan tsari a fili yake ga duk wanda ya bi abin da ya faru a 2025. A watan Janairu Shugaba John Mahama ya rage ma'aikatu daga 30 zuwa 23. Ma'aikatar tsafta da albarkatun ruwa ta daina zama da kanta, aka raba ayyukanta, harkar sarauta da ta addini kuma aka haɗa da ma'aikatar ƙananan hukumomi. Cassiel Ato Forson ya fara majalisa ta tara a matsayin jagoran masu rinjaye, cikin 'yan makonni ya zama ministan kuɗi, Mahama Ayariga ya gaje shi. A ranar 6 ga Agusta hatsarin jirgi mai saukar ungulu ya yi sanadin rasuwar ministoci biyu, Edward Omane Boamah da Alhaji Ibrahim Murtala Mohammed, wanda kuma shi ne ɗan majalisar Tamale ta Tsakiya. Duk cikin shekara guda. Mu 'yan Zango ma muna da namu misalin: ma'aikatar raya Zango da aka kafa a 2017 an rushe ta a 2021, amma Asusun Raya Zango, wanda dokar majalisa mai lamba 964 ta kafa, bai rushe tare da ita ba. Ƙungiyar da ta rubuta sunan minista kaɗai ta rasa hanya. Wadda ta rubuta asusun a matsayin ofis mai zaman kansa ta san inda za ta ci gaba da bi.

A shafi na uku ku ƙara gurbi biyu da ba za a taɓa bari fanko ba: inda aka samo bayanin, da ranar da aka tabbatar da shi na ƙarshe. Layin da ba shi da waɗannan biyun ku ɗauke shi a matsayin ji-ta-ji-ta har sai an bincika.

Kwamitocin majalisa

Mutane suna kallon zauren majalisa a talabijin suna zaton can ake yanke komai. Mafi yawan aikin a kwamiti ake yin sa. Sashe na 103 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ba kwamitoci ikon Babbar Kotu wajen kiran shaida da tilasta kawo takardu. Duk ƙudurin doka, bayan karatu na farko, kwamiti ake miƙa wa, kuma a lokacin ne jama'a suke iya aika takardar ra'ayinsu. Kasafin kowace ma'aikata ma sai kwamitinta ya duba kafin zaure ya amince. Sababbin ƙa'idojin majalisa da suka fara aiki a Janairun 2024 sun buɗe zaman kwamitoci ga jama'a, sai dai in kwamitin ya ga dalilin rufewa.

Ga kowane kwamiti da ya shafi matsalarku, ku rubuta mutum huɗu kafin sauran mambobi: shugaba, mataimakinsa, jagoran ɓangaren marasa rinjaye a kwamitin, da akawun kwamiti. Na ukun nan ana yawan mantawa da shi, alhali sau da yawa shi ne ya fi ɗokin yin tambayar da za ta matsa wa minista. Kwamitin binciken asusun gwamnati ma ɗan adawa ne yake shugabantarsa, kuma shi ne yake zama a kan rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa, inda za ku ga yadda asambulinku ya kashe kuɗinsa. Shi kuwa akawu, ma'aikacin majalisa ne, ba ɗan siyasa ba. Shi yake karɓar takardu, shi ya san ranar zama, kuma yana nan ko da zaɓe ya kwashe mambobin kwamitin duka. A ra'ayina, in ƙungiya za ta san mutum ɗaya tak a kwamiti, to ya zama akawun.

Akwai kuma kwamitin da yake bin alkawuran da ministoci suka yi a gaban majalisa. Idan minista ya taɓa cewa za a gyara hanyarku a zaure, ku nemo maganar a cikin Hansard, wato rubutaccen bayanin zaman majalisa, ku sa ranar a rumbunku. Alkawarin da aka yi a zaure yana da nauyin da na wajen taron suna ba shi da shi.

Wani abin lura: kundin tsarin mulki ya ce yawancin ministoci daga cikin 'yan majalisa za a ɗauko su. Saboda haka mutum ɗaya zai iya fitowa sau biyu ko uku a shafinku na uku. Alhaji Muntaka Mubarak, misali, ɗan majalisar Asawase ne a Kumasi, kuma a 2025 aka naɗa shi ministan cikin gida. Wasiƙa a kan makarantar Aboabo ofishin mazaɓarsa za ta je, wasiƙa a kan 'yan sanda kuwa ma'aikata. Shi ya sa aka raba shafin mutane da na ofisoshi.

Ku sauko asambuli

Ghana tana da asambuloli 261 a jihohi 16, kuma mafi yawan abin da yake damun unguwa a nan yake ƙarewa. Dokar mulkin ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ita ce ta tsara su. Shugaban asambuli, wanda muke kira MCE, shugaban ƙasa ne yake zaɓo shi, kashi biyu cikin uku na mambobin da suka halarta su amince. Ku rubuta shi, amma kada ku tsaya a kansa. Ku rubuta daraktan gudanarwa, wanda shi ne babban ma'aikaci, da jami'in tsare-tsare, da jami'in kasafi, da injiniyan ayyuka, da shugaban masu duba tsafta. Waɗannan su ne suke rubuta shirin ayyuka na shekara. Aikin da bai shiga wannan shiri ba, da wuya ya samu kuɗi, komai yawan alkawarin da aka yi.

Asambuli ma yana da ƙananan kwamitocinsa: na tsare-tsaren ci gaba, na walwalar jama'a, na ayyuka, na shari'a da tsaro, da na kuɗi da gudanarwa. Ku tambayi asambulimanku a wanne yake zama, wa yake shugabantar kowanne. Akwai kuma kwamitin karɓar koke-koke da shugaban zaman asambuli yake jagoranta, wanda jama'a da yawa ba su san da shi ba. Doka ta ce babban zaman asambuli ya kasance aƙalla sau uku a shekara. Can ƙasa kuma akwai 'yan kwamitin unguwa biyar-biyar da aka zaɓa tare da asambuliman a Disamban 2023.

Game da kuɗi, kundin tsarin mulki ya ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ga asusun bai-ɗaya na asambuloli, kuma majalisa ce take amincewa da yadda za a raba shi duk shekara. Ɗan majalisa yana da ɗan kaso a ciki, amma ƙarami ne. Wannan ya kamata ya shiga bayanin ofishinsa a rumbunku, don kada ƙungiya ta ɓata shekara tana neman Onarabul, wato ɗan majalisar, ya gina abin da ba shi da kuɗinsa. Abin da yake da shi shi ne baki a zaure: zai iya yi wa minista tambaya, zai iya gabatar da kokenku.

Sarakunanmu da malamanmu su samu shafinsu daban. Sarkin Zango, masu unguwanni, limaman Juma'a, magajiya, da ofishin Babban Limamin Ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ba jami'an gwamnati ba ne, amma wasiƙar da ta ɗauki sa hannunsu ba a ajiye ta kamar ta sauran mutane. Ku rubuta wane ne cikinsu yake da kusanci da wane ofis. 'Yan'uwa na Kumasi kuma su tuna cewa maganar fili ba ta tafiya ba tare da an bi ta masarautar Asante ba.

Inda ake samo bayanan

Shafin intanet na majalisa yana da jerin mambobi da mazaɓunsu da kwamitoci, da takardar ayyukan kowace rana, da Hansard. Ku fara daga nan, amma ku sani ba kullum ake sabunta jerin kwamitoci a kan lokaci ba. Ku gwada shi da rahoton kwamitin na baya-bayan nan, domin rahoton yana ɗauke da sa hannun shugaba da na akawu. Naɗe-naɗe kuwa ana samun su a sanarwar fadar shugaban ƙasa da jaridu irin su Daily Graphic, sannan zaman tantance ministoci ana nuna shi kai tsaye. Ƙa'idata ita ce majiya biyu kafin a rubuta suna.

Na asambuli sai an taka da ƙafa. Ku je ofis, ku karanta allon sanarwa, ku gaisa da masu karɓar wasiƙu, ku tambayi sunan shugaban kowane sashe. Wanda zai je ya tafi da takardar gabatarwa mai hatimin ƙungiya.

Idan aka hana ku abin da ya kamata a ba ku, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2019, mai lamba 989. Ta wajabta wa kowace hukuma ta samu jami'in bayanai, ta kuma wallafa littafin da yake bayyana sassanta da ayyukansu. Wannan littafi kaɗai zai cika muku rabin shafin ofisoshi. Kuna rubuta buƙata, jami'in yana da kwana 14 ya yanke shawara. Wanda bai iya rubutu ba zai iya faɗa da baki a rubuta masa. In aka ƙi, ku kai wa shugaban hukumar, in ba a dace ba ku wuce hukumar da aka kafa don kula da dokar. Sunan jami'in bayanai na kowane ofis ya shiga rumbun tun farko.

Abin da ba a rubutawa

Dokar kare bayanan mutane ta 2012, mai lamba 843, ta shafe ku ku ma. Ku tsaya a kan abin da ya shafi aiki: muƙami, lambar ofis, adireshin aiki, abin da mutum ya faɗa a bainar jama'a. Gidansa, iyalinsa, lafiyarsa, ba ruwan rumbun da su. Addini da ƙabila suna cikin bayanan da dokar ta ba kariya ta musamman, don haka kada a buɗe gurbin da za a riƙa rubuta wane namu ne, wane ba namu ba. Bayan doka ma, irin wannan gurbi yana sa ƙungiya ta riƙa bin mutane saboda sunansu, ta bar wanda aikin yake hannunsa. Idan jami'i ya ba ɗayanku lambarsa ta kansa, amana ce. A rubuta cewa wane yana da ita, kada a zuba ta a zauren WhatsApp na mutum ɗari biyu. Ƙungiyar da take da rajista kuma take tara bayanan mutane da yawa ta tuntuɓi hukumar kare bayanai a kan yin rajista da ita.

Gurbin ra'ayi ma a yi hattara da shi. Maimakon a rubuta cewa wane ba ya son Zango, a rubuta abin da ya faru: an kai wasiƙa rana kaza, ba a samu amsa ba, an koma rana kaza. Ku rubuta kowane layi kamar wanda aka rubuta a kansa zai karanta shi wata rana.

Kalanda

Sunaye ba tare da lokaci ba rabin aiki ne. Dokar sarrafa kuɗin gwamnati ta 2016 ta ce ministan kuɗi ya gabatar da kasafi kafin 15 ga Nuwamba, bitar tsakiyar shekara kuma kafin ƙarshen Yuli. Shekarar da sabuwar gwamnati ta hau, kasafin yakan zo a farkon shekara, kamar yadda aka yi a Maris 2025. Ma'aikatu da asambuloli suna haɗa ƙiyasinsu watanni kafin Nuwamba, saboda haka buƙatar da kuke so ta shiga kasafin baɗi, ku kai ta tun tsakiyar shekara. Makonnin da suke biyo bayan gabatar da kasafi kuma lokacin kwamitoci ne, lokacin da takarda mai shafi ɗaya a hannun mamban kwamiti za ta iya zama tambaya ga minista. Majalisa takan zauna Talata zuwa Juma'a, ofisoshin mambobi suna ginin Job 600. Idan tana hutu, a mazaɓa za ku same su, kuma ganawar ta fi sauƙi. Ku yi shafi na biyar na waɗannan ranaku, ku haɗa da zaman asambuli da tarukan jin ra'ayin jama'a.

Rainon rumbun

Mutum biyu kawai su samu ikon gyara, sauran su karanta. A buɗe shi da adireshin imel na ƙungiya, ba na sakatare ba, domin sakatare yana iya tafiya karatu ko ya yi fushi. Sunaye a rubuta su kamar yadda suke a takardun gwamnati, ko da mun saba faɗarsu da Hausa, sannan a yi gurbi na daban ga sunan da aka san mutum da shi a unguwa da laƙabin da ya dace a sa a wasiƙa. Mohammed da Muhammad, in aka gauraya su, kwamfuta za ta ɗauka mutum biyu ne.

Duk wata uku a zauna a tace layukan da ranar tabbatarwarsu ta wuce wata shida, a raba wa mambobi, kowa ya bincika biyar. Bayan haka akwai lokutan da ba a jira: garambawul ɗin ministoci, zaɓen cike gurbi, naɗin sabon MCE, sauyin shugaban zaman asambuli wanda wa'adinsa shekara biyu ne, zaɓen asambuloli na 2027, da babban zaɓe na 2028, wanda bayansa za a sake kafa kwamitocin majalisa gaba ɗaya. A buga kwafi a takarda duk bayan sabuntawa a ajiye wajen shugaba, saboda dattawan da ba sa buɗe kwamfuta.

Idan shafukanku sun zauna, ku nemi ƙungiyoyin da suke bin irin matsalarku a Madina, Ashaiman ko Asawase ku yi musayar shafin ofisoshi da na kwamitoci, tunda kwamitin majalisa ɗaya ne ga kowa. Shafin hulɗa kuwa ya tsaya a gida. Kafin ku haɗa, ku daidaita lambobin ofisoshi tsakaninku, a cire maimaici, kuma a rubuta wace ƙungiya ce za ta riƙa sabunta wane ɓangare.